A daina fasa batir a cikin unguwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan tsofaffin batiran mota da samarinmu 'yan kondem, masu sayen tsofaffin ƙarafa, ke sayowa daga Suame Magazine, unguwar kanikawa ta Kumasi, su kawo cikin zango suna fasawa da adda, ruwan batir ɗin nan mai cin fata su tuttular a kwata, dalmar kuma su narka a kan gawayi a bayan gida, yara na wasa a gefe, mai koko na gefe.

Ruwan dai ana ganin ɓarnarsa, ko wando ya taɓa sai ya huje. Dalma ita ce mugu, ba wari ba zafi, ƙura ce da hayaƙi, ta shiga jinin yaro ta daƙushe masa ƙwaƙwalwa, kuma sai an gwada jini ake ganewa. A Dakar, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka mutu a unguwa ɗaya kan wannan sana'ar.

Ban ce a hana kowa neman abinci ba wallahi, ƙanena ma a ciki yake. Amma an kafa dokar shara mai guba tun a 2016, hukumar kare muhalli ta EPA su leƙo zango mana, sarakunanmu da limamai kuma su faɗa a huɗuba, a riƙa sayar da batir ɗungurungum ba a fasa ba.

Mai karatunku daga Aboabo, Kumasi.