Matsakaici ɗaya na ɓoye yanayin tattalin arzikin Chadi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a rahotanni: a tattara bunƙasar tattalin arzikin Chadi ta shekara talatin a fitar da matsakaici ɗaya. Wannan lissafin yana ɓatar da mai karatu, domin ƙasar ta sauya salo fiye da sau ɗaya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A 2003 man Doba, a kudancin Chadi, ya fara bin bututu zuwa gaɓar teku a Kribi ta Kamaru. Daga tsakiyar 2014 kuma farashin ganga ya rufto daga sama da dala 100.

Akwai hanyar gano wurin sauyin. A gwajin da masanin tattalin arziki Gregory Chow ya fitar a 1960, ana raba alƙaluma gida biyu a shekarar da ake zargi, a ja wa kowane ɓangare layin da ya fi dacewa da shi, a kuma ja layi guda ga duka. Tazarar kowace shekara daga layinta a ninka ta da kanta, a tara. Idan jimillar layuka biyun ta gaza ta layi guda fiye da abin da dace kaɗai zai kawo, akwai sauyi. Inda ake tafka kuskure shi ne mai bincike ya duba zanen alƙaluman tukuna, sannan ya zaɓi shekara. Da ya yi haka, ma'aunin teburin F, wato teburin da ake dubawa a gane ko ragin jimillar ya wuce dace, ya tashi daga aiki, sai ya ga sauyi inda babu.

Hanyar masana Bai da Perron ta 1998 tana gwada shekarun ɗaya bayan ɗaya, har ta gano sauyi fiye da guda. Sai dai an saba ƙayyade kowane ɓangare da aƙalla kashi 15 na alƙaluman: a jerin shekara 60, shekara 9 ke nan. Sauyin bara ko na bara waccan ba zai fito ba.

A kula da 2004 musamman. Bunƙasar da ta haura kashi 30 a shekarar tsalle ne na fara haƙar mai. A ware ta daban, in ba haka ba za ta ja layin gaba ɗaya. A kuma gwada ɓangaren mai shi kaɗai, shanu da auduga da riɗi da ƙaro su ma daban, don ruwan sama ne ke juya su.

Muna kira ga hukumar ƙididdiga ta Chadi (INSEED) da babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya (BEAC) su riƙa nuna shekarar da suka sauya tushen lissafi a jikin kowane jeri, kada sauyin hanyar ƙidaya ya fito a gwaji kamar sauyin tattalin arziki.

Wassalam,
Wasu malaman ƙididdiga, Njamena