Zuwa ga Abba, kafin tafiyarka Danmak

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka.

A bakin yayarka na ji cewa takardar izinin zamanka ta fito tun makon jiya, har ka yanki tikiti. Maganar tana nan, zan zo kanta. Na zaɓi in rubuto ne domin in na zaunar da kai, sunkuyar da kai za ka yi kana "to Baba, to Baba" har in gama, ban san abin da ya shiga ba.

Ka san na zauna a yankin Jutland na ƙasar lokacin kwas ɗin shanun madara, kuma da ɗan Alhaji na Tudun Wada ya zo hutu daga can na tsare shi da tambayoyi. Don haka ka saurara.

Kada ka tura wa kowa kuɗin ɗaki sai ka ga ɗakin da idonka, ko wanda ka yarda da shi ya gani. Doka ta ba mai gida damar karɓar kuɗin ajiya har na wata uku, da hayar wata uku a gaba, ban da ta watan da za ka shiga. Kuɗi ne mai nauyi, shi ya sa 'yan damfara suke ɗana wa baƙi tarko a intanet. Ka tambaya tun farko ko za ka iya yin rajistar CPR, wato lambar shaidar mazaunin ƙasar, da adireshin. In aka yi maka kwana-kwana, ka bar gidan. Lambar nan da ita ake buɗe asusun banki, da ita ake samun MitID (shaidar da ake shiga harkokin hukuma da banki da ita a intanet) da katin asibiti mai ruwan ɗorawa wanda ke ɗauke da sunan likitanka. Ranar da ka tare, ka liƙa sunanka a akwatin wasiƙa, in ba haka ba katin zai koma inda ya fito. Ka ɗauki hoton duk wata ɓaraka da ka tarar a ɗakin, ka sanar da mai gida a rubuce cikin kwana 14. Katin haraji kuma ka nema kafin albashin farko, don wanda ba shi da shi kashi 55 cikin ɗari ake yanke masa. Ka sayi keke na hannu mai fitila gaba da baya, da rigar ruwa ta kirki.

Abinci ba sai na ja ba. Naman alade yana cikin yawancin abin da suke ɗorawa a kan burodi, ka riƙa tambaya. Tun 2014 suka hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, don haka ka nemi bayani wurin mahauta da malaman can. A birnin Aarhus akwai kasuwar Bazar Vest a wajen unguwar Gellerup, kuma akwai masallatai a yankin.

Duk wannan na san za ka iya, kai mai kai ne tun kana ƙarami. Abin da ke hana ni barci daban ne.

Zurfin cikinka nake tsoro, Abba. Ƙasar da za ka ba a leƙo mutum. Mutanen kirki ne, masu gaskiya da cika alƙawari, amma maƙwabcinka zai iya shekara bai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, kuma a wurinsa mutunta ka ya yi. Ziyara sai an sa rana, wani lokaci makonni kafin nan. Hukuma ma ba ta aiko ɗan saƙo. Wasiƙarta ta Digital Post, akwatin saƙon hukuma na intanet, take shigowa, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, a wurinsu ta iso, wa'adi yana tafiya. Likita kyauta ne, amma sai ka ɗaga waya ka ce ga abin da ke damuna. Komai an tanada wa mai buɗe baki. To kai fa?

Sannan ga duhu. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, sau da yawa ma tana bayan gajimare. Za ka fita a duhu, ka dawo a duhu, azahar da la'asar da magariba duk su same ka a wurin aiki. Na ga ƙarti masu surutu sun koma shiru a wannan lokacin. Nan gida in mutum ya kwana biyu bai fito masallaci ba, za a bi sawu. Can za ka iya rufe ƙofa wata guda ba wanda ya lura.

Ban manta shekararka ta uku a jami'a ba, mahaifiyarka ma ba ta manta ba. Da kawunka bai bi ta Zariya a ranar ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. A lokacin ma tafiyar awa biyu ce tsakaninmu. Yanzu wa zan tura? Ga shi tun ba ka tashi ba ka soma: magana mai girma irin wannan, ubanka ne na ƙarshen ji. Wannan ba kunya ba ce, ba kuma ladabi ba ne, kada ka ruɗi kanka. Na san kuna cewa ina da zafi, ba a iya kawo mini magana. Na yi zafi, don a gidan da ke da yara tara dole wani ya yi. Amma ka faɗa mini ranar da ɗayanku ya zo da matsala na kore shi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, sai dai naka cikin ya taɓa kusan hallaka ka.

Ba faɗa na zauna yi ba. Ina alfahari da kai, ko ban saba faɗa ba. Roƙonka nake yi.

Ka shiga ajin koyon harshensu tun watan farko. Kyauta ne, kuɗin ajiya kurona 2,000 kawai za ka bayar, a mayar maka in ka kammala a kan lokaci. Kusan kowa yana jin Turanci, amma ajin zai fitar da kai daga ɗaki, ya haɗa ka da baƙi irinka. Abokan aikinka tare suke cin abincin rana, ka zauna cikinsu ko da ƙunshinka ka zo, kada ka ɓuya a ofis. Su ta ƙungiyoyi suke yin abokai, kai kuma kana buga ƙwallo, ka nemi wata ka shiga. In an gayyace ka ƙarfe shida, shida ɗin ake nufi. Juma'a kada ta wuce ka, ka bari liman ya san fuskarka da sunanka. Ka sha ƙwayar bitamin D, hukumar lafiyarsu da kanta ta shawarci masu baƙar fata su sha duk shekara. In ka ji barci ya gagara, ko abinci ya fita ranka, ko tashi daga gado ya zama aiki, ka kira likitan da ke kan katinka a ranar, sannan ka kira ni.

Batun barin matarka da yarinya sai bayan shekara ban goyi baya ba. Ka fara neman takardunsu da zarar ka samu ɗaki mai ɗaukar ku. In sun iso, ku sani tun 1997 doka ta hana dukan yaro a can, ko da marin tarbiyya ne, kuma malaman renon yara wajibi ne su kai rahoto.

Lokacin sanyi agogonmu da nasu ɗaya ne, da bazara suna gabanmu da awa guda, don haka babu uzurin lokaci. Kowace Lahadi bayan la'asar ina jiran kiranka, na bidiyo, in ga fuskarka. Ka kuma ba ni lambar mutum ɗaya a garin da zan iya nema in na ji ka shiru.

Ka zo gida kafin ranar tafiya ka kwana biyu, mahaifiyarka ta haɗa maka yaji da kuka. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka