Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Iyaye da Malamai: Daga Ƙofar Makaranta zuwa Ƙofar Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Mai Unguwa, Malam Liman, shugaban makaranta da malamanmu, iyaye maza da iyaye mata, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya. Kamar yadda aka saba, kwamitin gudanarwa ya ɗora wa sakatare nauyin rubuta abin da aka yi da abin da aka kasa yi. Lissafin kuɗi yana cikin rahoton Hajiya Ma'aji, ba zan taɓa shi ba sai inda ya zama dole.

A babban taronmu na farkon shekara kun ɗora mana aiki guda, wato tsaron yaranmu da tarbiyyarsu. Duk wanda ya miƙe a ranar, maganar katanga da 'yan bindiga ya yi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Mun ji na Chibok a 2014 inda aka kwashi 'yan mata 276, da na Dapchi a 2018, da na Ƙanƙara a Disambar 2020 inda aka kora yara maza fiye da 300 zuwa daji, da na Jangebe a Fabrairun 2021, ga kuma na Kuriga a Maris ɗin 2024. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Amma da muka zauna da mataimakin shugaban makaranta, ya buɗe mana littafin da yake rubuta laifuffuka da koke-koke, sai muka ga wani abu daban. Mu makarantar jeka-ka-dawo ce a cikin garin Kano. Kusan duk abin da ya sami yaranmu, bana da bara, a hanya ya same su, tsakanin kaɗa ƙararrawar tashi da sallama a ƙofar gida. Faɗan da aka fasa wa wani yaro kai, a bayan makaranta aka yi shi bayan an tashi. Yarinyar da babur ya buge, tsallaka titi take yi za ta tafi gida. Yaran da aka kama da abin da bai kamata ba, a wani kango aka gan su da jakunkunansu a baya. A wannan ɗan lokacin malam yana ganin tunda an tashi yaro ya koma hannun iyayensa, uwa kuma tana ganin tunda yana cikin kayan makaranta ai yana hannun malamai. Sai ya zama ba ya hannun kowa. A kan wannan giɓin muka kashe mafi yawan ƙarfinmu a bana.

Katanga da ƙofa

Wannan shi ne mai sauƙin bayani. Ɓangaren katangar gabas da ruwan damina ya kayar an tayar da shi, an kuma toshe ramin da yara suka haƙa ta bayan ban-ɗaki, wanda nan ne hanyar masu gudu bayan tara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu namu ƙadangarun fita suke yi. Magina daga cikin iyaye suka yi aikin ba su karɓi kuɗin hannu ba, Allah Ya saka musu da alheri. Ƙofa yanzu ɗaya ce, akwai littafin baƙi a hannun Baba Maigadi, kuma ƙungiya tana ƙara masa ɗan ihsani a kan albashinsa duk wata.

Wa ke ɗaukar yaro?

A nan muka sha wahala, a nan kuma muka fi samun saɓani da wasunku. Daga zango na biyu muka fara tsarin kati ga 'yan nazare da 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare: kowane uba ya rubuta sunayen waɗanda ya amince su ɗauki ɗansa, kuma ba a sakin yaro sai ga wanda sunansa yake a rubuce. In wani ne daban ya zo, sai an kira uwa ko uba a waya.

Wasu sun ji haushi. Wani bawan Allah ya zo ɗaukar ɗan ƙanensa aka hana shi sai da aka yi waya, ya tafi yana cewa an wulaƙanta shi a gaban yara, shi da ya yanka ragon sunan yaron. Mun je har gida mun ba shi haƙuri, amma ba mu janye tsarin ba, kuma ina so in faɗi dalili a fili. Mu a Kano ba labari aka ba mu ba. A Oktoban 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga unguwannin garin nan aka kai su Onitsha ta Jihar Anambra. Sannan kowa ya san abin da ya faru da yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka ɗauke a Disambar 2021 a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya. Wanda ya ɗauke ta mai makarantar bokon da take zuwa ne, mutumin da ta sani, ya kuma kashe ta, babbar kotun jiha kuwa ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Abin da muka saba gaya wa yara shi ne kada su bi wanda ba su sani ba. Wannan gargaɗin bai isa ba. Shi ya sa katin bai bar kowa ba, har malaman makarantar nan ba wanda yake da izinin fita da yaro da sunan zai rage masa hanya.

Masu adaidaita sahu da ke jigilar yara su ma mun kira su taro. An rubuta sunan kowa da lambar mashin ɗinsa da lambar wayarsa da sunan wanda ya tsaya masa. Mun roƙe su a daina cusa yara kamar buhunan gawayi, wasu a gefen direba ƙafa na reto. Sun amsa mana da cewa kuɗin mai ya tashi tun da aka cire tallafi a 2023, iyaye kuma ba sa son ƙari a kuɗin wata. Gaskiyarsu ce, amma mu ma tamu gaskiyar tana nan. Maganar ba ta mutu ba, an dai rage.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne na tsallaka titi. Dattawa daga cikinmu da suka yi ritaya suka raba kwanaki a tsakaninsu, suna tsayawa a bakin titi safe da lokacin tashi. Ba mu saya musu komai ba sai riga mai ƙyalli da usur. Tun da suka fara ba a sake buge yaro a wurin ba, kuma ashe tsayuwar tasu ta yi wani maganin da ba mu zata ba: samarin da ke taruwa a kan kwalbati suna tare 'yan matan sakandare sun sauya wuri.

Shaye-shaye

Ba zan ambaci suna ba, ba zan kuma faɗi aji ba. An samu wasu yara 'yan ƙaramar sakandare da sholisho da ƙwayoyi. Makaranta ta so ta kore su, kwamiti ya roƙi a dakata, domin yaron da aka kora kan titi aka mayar da shi, wurin waɗanda suka koya masa. An kira iyayensu ɗaya bayan ɗaya a asirce. Wani uban ya yi kuka, wani kuma ya rantse da Alƙur'ani ɗansa ba zai aikata ba, sharri aka yi masa, har sai da yaron ya amsa da bakinsa.

Bayan haka muka shirya zama na musamman da iyaye, muka gayyato ma'aikacin lafiya da jami'in yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Da yawanmu mun ɗauka tun da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018 an rufe wannan babin. Ba a rufe ba, kayan ne suka sauya: tiramol, roci, wiwi, sholisho, ga shisha da ake yi wa kallon ado. Binciken da aka gudanar a faɗin ƙasa a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. An koya wa iyaye abin da za su lura da shi: barcin rana da ya wuce ƙima, jan ido, ɓatan ƙananan kuɗi a gida, sabbin abokai da yaro ba ya son a san gidansu. Iyaye mata sun cika ajin har wasu na tsaye a taga. Maza kuwa, zan zo kansu.

Maganar bulala

Wannan ita ce ta kusa raba kan ƙungiya a zango na biyu. Wani malami ya daki yaro har ya ji masa ciwo, washegari yayyen yaron suka zo ƙofar makaranta suna neman malamin. Da ba don Mai Unguwa ya iso da wuri ba, da Allah kaɗai Ya san inda za a kwana. A zaman sulhu iyaye suka kasu biyu. Wasu na cewa mu da dorina aka tashe mu kuma ga mu mun zama mutane, wasu na cewa ba wanda zai sake taɓa musu ɗa.

Ra'ayina, wanda ba lallai ya zama na kwamiti duka ba, shi ne kowane ɓangare ya taka nasa laifin yana hango na wani. Malamin da ke da yara cike da aji, ga zafi ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, dukan da zai yi cikin fushi huce haushi ne, ba horo ba. Uban da zai zagi malami a gaban ɗansa kuma ya gama kashe wa yaron makaranta, don ba zai sake jin maganar kowa a cikinta ba. Muna kuma da doka yanzu: Jihar Kano ta samu dokar kare haƙƙin yara a Mayun 2023, shekara ashirin bayan ta tarayya ta 2003. Matsayar da aka cimma ita ce malami ba zai hukunta yaro da hannunsa a cikin aji ba, sai ya kai shi ofishin ladabtarwa a rubuta, kuma duk mai ƙorafi ya zo ta hannun kwamiti, ba a ƙofar makaranta ba. Malamin ya biya kuɗin magani ya ba da haƙuri, yayyen yaron su ma sun ba da nasu.

Zauren WhatsApp

Mun buɗe shi don sanarwa, ya yi amfani sosai, musamman wajen sanar da uwa tun da safe cewa ɗanta bai shigo aji ba. Fashin makaranta ya ragu saboda wannan kaɗai. Amma wata rana wani ya turo saƙon murya cewa an ga baƙin fuskoki a kan babura kusa da makaranta. Kafin a ce kwabo iyaye sun cika ƙofa, yara na gudu, har wata yarinya ta faɗa kwata ta gurɗe ƙafa. Da aka bincika, tsohon saƙo ne daga wata jiha. Yanzu shugabannin zauren kaɗai ke iya tura saƙo. Wanda ya ga abin tsoro ya kira shugaban makaranta ko Mai Unguwa, ko lambar gaggawa ta 112.

Iyaye maza

Alhazai, ku yi mini afuwa. A duk tarukan da muka kira bana, mata ne suka riƙe ƙungiyar nan. Su ne ke zuwa, su ne ke biyan kuɗin ƙungiya daga ɗan abin sana'arsu, su ne ke karɓar sakamakon jarrabawa. Akwai uban da aka kira kan maganar ɗansa, aka tambaye shi ajin yaron, sai da ya fita ya yi wa maiɗakinsa waya. Mun san halin da ake ciki, mutum ya fita kasuwa tun da asuba ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Amma mun mayar da taro ranar Lahadi bayan la'asar saboda ku, aka ce akwai ɗaurin aure da ƙwallo. Yaron da ya kai shekara goma sha uku yakan fi ƙarfin tsawar uwarsa, kuma awannin da yake yi a gidan kallo da dare, uban yana majalisa bai fi taku kaɗan daga wurin ba. Malam Liman ya yi mana huɗuba guda a kan hadisin da ya ce dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Bayan huɗubar an samu ƙarin maza a taro ɗaya, daga nan aka koma gidan jiya.

Abin da muka kasa

Kududdufin da ke bayan makaranta yana nan yadda yake. Da damina yara na zuwa wanka, kuma mun rubuta takarda zuwa inda ya dace har sau biyu ba mu ji amsa ba. Abin da muka iya shi ne roƙon 'yan sintirin unguwa su riƙa leƙawa. Ban-ɗakin 'yan mata har yanzu ba ƙofa mai sakata, wanda hakan ke sa manyan cikinsu zama a gida wasu kwanaki a kowane wata. Kuɗin da aka ware masa katanga ta cinye.

Sai 'yan matan da ake cirewa daga aji a ɗora musu talla. Kwamitin mata ya bi gida-gida, an dawo da wasu, wasu iyayen sun ce in ba a yi tallar ba ba za a ɗora tukunya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, har ta tanadi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda ga uban da ya sake saɓawa bayan an gargaɗe shi. Mu dai ba mu kai kowa ƙara ba, ba ma kuma da niyya. Muna neman masu hali a cikinmu su ɗauki nauyin kuɗin abincin makaranta da littattafan irin waɗannan yaran, duk mai niyya ya ga Hajiya Ma'aji bayan taro.

Abubuwan da kwamiti ke neman amincewarku a kansu yau su ne faɗaɗa tsarin kati zuwa aji shida, fara aikin ban-ɗakin 'yan mata kafin a dawo hutu, da naɗa wakilai maza daga kowane layi waɗanda za su riƙa zagayawa gidajen kallo bayan isha'i a ranakun makaranta. Wa'adin wannan kwamiti kuma ya cika, za a yi zaɓe bayan an saurari rahoton kuɗi. Masu son tsayawa su ba da sunayensu kafin sallar la'asar.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gudanarwa