Sunan Ubuntu ba daga Japan ya fito ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne game da abin da baƙonku ya faɗa a shirin kimiyya da fasaha na ranar Asabar, cewa sunan Ubuntu, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kalmar Japananci ce da aka ɗauko don daɗin faɗa kawai. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da mai gabatarwa ya bar ta ta wuce ko tambaya bai yi ba.

Ubuntu kalmar Afirka ce, daga harsunan Zulu da Xhosa na Afirka ta Kudu, ma'anarta kuwa mutuntaka, wato mutum ba ya cika mutum sai da mutane. Mark Shuttleworth, wanda ya kafa kamfanin Canonical ya kuma fitar da manhajar a watan Oktoba na 2004, haifaffen Afirka ta Kudu ne, kuma sunan ya dace da aikin, domin kyauta ake raba ta, kowa yana da ikon ya sauke, ya gyara, ya ba wani. Kalmar da Desmond Tutu ya yawaita ambata sa'ad da yake jagorantar hukumar gaskiya da sulhu bayan rushewar mulkin wariyar launin fata, ita ce kuka miƙa wa Japan.

Ina koyar da kwamfuta a nan Daura, kuma Ubuntu nake sa wa tsofaffin na'urorinmu saboda ba mu da kuɗin lasisin manhajojin da ake sayarwa. Duk sababbin ɗaliban da suka zo, da tarihin wannan suna nake fara musu darasi, domin yaran nan sun taso da tunanin cewa babu abin da ke cikin kwamfuta da ya shafi baƙar fata. Ranar Litinin sai ga ɗaya daga cikinsu ya tare ni a gaban 'yan'uwansa yana cewa, "Malam, ai a rediyo an ce na Japan ne." Ya fi yarda da ku a kaina, kuma ban ga laifinsa ba, tunda iyayensa ma da ku suke kafa hujja.

Ina roƙon ku gyara wannan kuskure a cikin shirin da aka yi shi, a kuma lokacin da aka saba sauraro. Da layin wayar da kuke bayarwa yana shiga, da tun a daren na yi gyaran, amma kullum a kashe yake, wannan ma ku duba.

Naku mai sauraro,
Malamin kwamfuta, Daura