Wasiƙa daga Yamai kan tsadar littafi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyin Faransa? Mu nan lafiya lau, mutanen gida duk suna gaishe ka.

Maganar da ka yi kan littattafai ta tsaya mini a rai. Ka ce tsadar sabon littafi alheri ce, don ita ke riƙe ƙananan masu bugawa da masu shaguna. Na san dokar Faransa ta 1981 kake hange, wadda ta ba mai bugawa ikon yanke farashi, ta hana mai sayarwa rage fiye da kashi 5 cikin ɗari. Ta kare ƙananan shaguna daga manyan kantuna, ban musa ba. Amma farashi ɗaya ta kafa, ba ta ce a tsawwala ba.

Nan Nijar kuwa littafin yuro 20 ya haura jaka 13 na sefa tun kafin a ɗora kuɗin dako, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina. Mafi ƙarancin albashi jaka 42 ne. Wane magidanci zai cire kusan sulusin albashinsa don littafi guda, ga buhun gero na jiransa? Shi ya sa ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni suke aron kwafi ɗaya su kai wa mai fotokofi, wasu su tura wa juna ta WhatsApp, wasu su nufi masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Marubuci bai ga ko dala ba, mai bugawa haka. Wallahi abin yana ci mini rai, don yaran nan suna son karatu.

Dubi Kano a shekarun 1990. Littattafan soyayya ƙanana ne, takardar ba ta da kyau, amma arha ta sa har matan aure a cikin gida suna saye suna musaya, marubuta suka yawaita, kowa na buga nasa. Gasa tsakanin masu bugawa can ta tashi, daga yawan masu saye.

Yanzu da aka mayar da Hausa harshen ƙasa, burina a buga namu a nan Yamai, a farashin da malamin lakwal zai iya saya bai ci bashi ba. Ka tambaya mini can nawa ƙananan bugu na aljihu suke, ka faɗa mini kafin ka taho.

Ka gaida uwargida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum