Kafin Auta ya ɗaure kaya

Hurgada, Masar
Daren Talata

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya jikin Hajiya? Ka ce ƙafar ta matsa mata da sanyin bana, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Saƙonka ya iso tun makon jiya, har da bidiyon Auta yana kwaikwayon kwandastan mota a wajen bikin nan. Na kalla ya fi sau biyar. Wani ɗan Tunisiya da muke ɗaki ɗaya, wanda ko "zo" bai sani da Hausa ba, sai da ya riƙe ciki. Na ƙi amsa maka da saƙon murya ne saboda maganar ta fi ƙarfin minti biyu, kuma ina so ka ba yaron ya karanta da idonsa.

Ka tambaye ni ko zai iya aikinmu na ɗebe wa baƙi kewa a otal, tunda Allah Ya hore masa baki da barkwanci. Ni ma da wannan tunanin na baro Alƙahira na gangaro bakin Bahar Maliya, ina ganin tunda ni ke riƙe da hira a majalisarmu, Turawa kuma ai sai yadda na yi da su. Ban cika wata ba na gane baki shi ne mafi arha a cikin kayan aikin.

Bari in fara gaya maka yadda yini yake. A nan ana ce mana 'yan animeshan, wato masu ɗebe wa baƙin otal kewa. Ƙarfe goma na safe muna bakin tafkin ninƙaya, a kunna kiɗa, a yi motsa jiki a cikin ruwa, a buga ƙwallon raga a kan rairayi, a yi wasan jifa da 'yan kibau. Bayan azahar a sake. Da daddare a tara yara su yi rawarsu, sannan wasan manya a kan dandamali. In baƙi sun watse mu kuma mu tsaya gwajin wasan gobe, wani lokaci har ɗaya na dare. Kwana shida a mako ke nan, kuma da bazara zafin garin nan yakan doshi digiri 40. Tsarin ba na Misirawa ba ne. Wani ɗan Beljiyam, Gérard Blitz, shi ya kafa kamfanin wuraren hutu na Club Med a 1950, ya kakkafa tantuna a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen, ma'aikata suna wasa da baƙi, suna cin abinci tare da su. Daga nan al'adar ta bazu. Shi ya sa har yau akan ce mu ɗauki faranti mu nemi teburin baƙi mu zauna, ko cin abincinka ma aiki ne.

To ga abin da ya fara koya mini hankali. Akwai wani dattijo Bajamushe, zai yi shekara saba'in da wani abu, kullum yana kwance a gado ɗaya can ƙarshen layi, ƙarƙashin lema, da littafi a kife a ƙirjinsa. Ni kuwa an ce mini kada in bar baƙo shi kaɗai. Ranar farko na je da tafi da ihu, ya girgiza kai. Rana ta biyu na kama hannunsa wai in tashe shi, ya zare. Rana ta uku na kira shi ta lasifika, na ce jama'a su tafa wa kakanmu ya taso. Mutumin nan bai ce uffan ba, ya naɗe tawul ɗinsa ya shige ɗaki. Kafin la'asar ƙarata ta isa ofis.

Shugabar rukuninmu a lokacin, wata mata da ta kwana biyu a harkar, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ja ni gefe ta ce in tsaya nan minti goma, kada in yi wa kowa magana, in duba kawai. Sai ta riƙa nuna mini da haɓa. Wancan da ke ɗaga kai duk lokacin da aka yi shewa, so yake a gayyace shi, kunya ce ta hana shi tasowa. Waccan da ta toshe kunne da waya ta juya baya, ta riga ta ba ka amsa. Waɗancan biyun da ba sa kallon juna, rigima suka kwana yi, kada ka kuskura ka shiga tsakaninsu da wasa. Wallahi sai na ji kamar yau aka buɗe mini ido. Mu da muka tashi muna jin labarin zuciya a tambayi fuska, ga shi wata ta zo tana karanta mini shi a bakin ruwa.

Washegari na je na ba dattijon haƙuri da guntun Jamusancina, na juya zan tafi. Ya ce in zauna. Mun yi kusan rubu'in awa ba wanda ya ce komai. Can ya buɗe littafin ya zaro hoton wata mata. Shekara da shekaru tare suke zuwa otal ɗin, a wannan gefen suke kwanciya, bara ta rasu. Ban san abin da ake faɗa a Jamusance ba a irin wannan wuri, sai na dafa ƙirji na sunkuyar da kai kamar yadda muke yi a zaman makoki. Ya gane. Sauran kwanakinsa kullum da yamma nakan je mu buga dara irin tasu, yana cinye ni. Ranar da zai tafi ya rubuta sunana a takardar da baƙi ke cikewa. Kada ka raina wannan, domin da waɗannan takardu da abin da baƙi ke rubutawa a TripAdvisor, shafin intanet da matafiya ke faɗin ra'ayinsu kan otal-otal, ake auna mu, sunan da ya yawaita fitowa shi ake sabunta wa kwantiragi.

Sai maganar barkwancin kansa, wadda ita ce ta fi damuna game da Auta. Wasanmu na gida yana da shinge. Bafulatani ya tsokani Babarbare, ɗan mace ya tsokani ɗan namiji, jika ya ce wa kakarsa matata, kowa ya san gurbinsa tun kafin a haife shi, shi ya sa ba a fushi. Baƙon da ya biya kuɗin jirgi ya zo hutun mako guda ba taubashinka ba ne. Na taɓa shafa tumbin wani Baturen Ingila a kan dandamali na tambaye shi wata nawa. Jama'a suka fashe, shi ma ya yi yaƙe, amma na hango 'yarsa 'yar shekara goma sha ta sunkuyar da kai. Iyalin nan ba su sake zama a sahun gaba ba har suka tafi. Tun daga ranar, in za a yi wa wani dariya a wasana, ni ne. Ni ke faɗawa ruwa da kaya a jiki, ni ke karya Rashanci su gyara mini. Kwaikwayon kwandasta zai yi wa Auta amfani, amma ya sani ranar da ya kwaikwayi tafiyar wani baƙo, ko da a bayan idonsa ne, wani baƙon yana kallo.

Harshe kuma dole ne. Turanci kaɗai ba ya isa a nan, don yawancin masu zuwa Jamusawa ne da Rashawa da 'yan Folan da Cek. Ba sai ya iya nahawu ba. Gaisuwa, ƙirga ɗaya zuwa goma, hagu da dama, "ina ke ciwo", "ina mamarka", waɗannan su fara zama a bakinsa. Ya kuma san cewa Jamusawa da Rashawa suna da "kai" na tsara da "ku" na girmamawa, kamar yadda ba za ka ce wa surukinka "kai" gatsau ba. Abin da ya fi ba ni wuya ma ba kalmomi ba ne. Mu an hore mu da kawar da ido in babba yana magana, su kuwa in ba ka dube su ido cikin ido ba sai su ɗauka kana ɓoye wani abu. Bamisire in ya tattara yatsunsa sama yana nufin ka dakata, Ba'italiye in ya yi haka tambayarka yake me kake nufi. In ka ce wa Bajamushe wasa ƙarfe uku, uku saura biyar yana tsaye yana duban agogo, babu "yanzu-yanzu" irin namu. Yaro kuwa in ya ɓace wa iyayensa yana kuka, ka durƙusa daidai tsayinsa, ka rage murya, kada ka ɗauke shi, ka tsaya inda kowa ke ganinku har a kira iyayen.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba, don kada gobe Hajiya ta ce na ja mata ɗa cikin abin da ba a gaya mata ba. Wurin nan giya ake sha tun hantsi, shigar bakin ruwa kuma ka san ta. Za a miƙo masa kofi, za a ja shi rawa, wata ma za ta nemi abin da ya wuce rawa. Dole ya iya cewa a'a fuskarsa a sake, ba wa'azi, ba ɗaure fuska, kuma ba tare da ya ba da kai ba. Ni nakan ɗaga kwalbar ruwana in yi musu barka, a wuce wurin. Salla ba wanda ya taɓa hana ni, amma ni ke lissafin lokacina, in faɗa wa abokin aiki ya riƙe mini minti goma. Azumi a bakin tafki, kana ihu a makirufo maƙogwaro a bushe kana kallon masu shan lemo da ƙanƙara, wannan sai wanda ya gwada. Ranar da aka bugo mini rasuwar Kawu, saura awa ɗaya in hau dandamali. Na shiga bayan labule na yi kukana, na wanke fuska na fito. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, haka ne, sai dai a nan kullum ake shimfiɗa ta, ko da me ka kwana.

Kuma kasuwar ba ta da tabbas. Bayan faɗuwar jirgin Rasha a Sina'i a ƙarshen Oktoban 2015, wanda mutum 224 suka mutu a ciki, Rasha ta dakatar da jiragenta, ba su dawo Hurgada ba sai Agustan 2021. Tsofaffin ma'aikata har yau suna ba da labarin otal-otal da suka koma kufai. A 2020 korona ta rufe filayen jirgi wata uku da 'yan kai. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, ɗaki da abinci ne ke rufa asiri. Kada kuma ya yarda wani dillali ya kawo shi da bizar yawon buɗe ido a kan wai za a gyara daga baya. Sai da izinin aiki, da kwantiragi a rubuce, fasfonsa kuma a hannunsa.

Ga abin da nake so ka yi mini. Sunan da za a yi a gidan Yaya wata mai kamawa, ka tara masa yaran gidan duka, su ashirin ɗin nan, ka ce ya riƙe su awa biyu, ba bulala, ba tsawa, ba waya. Kai kuma ka zauna daga nesa. Kada ka kula da masu dariya, ka duba ko zai lura da wanda ya raɓe a jikin bango bai shiga ba, da abin da zai yi masa. Bayan nan ka tura shi ya zauna da Baba Tsoho rabin awa, ka ga ko zai iya barin tsohon ya gama labarin da ya riga ya ji sau goma. Ka rubuto mini yadda aka yi, tsakaninka da Allah, ban da son kai na 'yan'uwantaka. In ya haye, zan yi magana da shugabanmu kafin a fara ɗaukan sababbi, ya kuma fara koyon ƙirga da Jamusanci tun yanzu.

In an samu mai tahowa Alƙahira cikin ɗalibai, a taimaka mini da yaji da ɗan kilishi, na nan ya ƙare tun Sallah. Ka gaida Hajiya da kyau, ka gaida mutanen majalisa.

Naka har kullum,
Abokinka na bakin teku