A bar faifai ya kai ƙarshensa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan gidan rediyonku, na rubuto ne game da shirinku na kaɗe-kaɗe na daren Asabar, wanda na daɗe ina bi, amma a 'yan watannin nan yake ƙara mini ƙishirwa maimakon ya kashe ta. A makon jiya na kasa kunne tun daga farko, sai na lura cewa babu waƙa ko ɗaya da aka bari ta kai ƙarshenta. Da makaɗi ya fara zama a kan kiɗansa sai a danne shi da gaishe-gaishe, da an gama gaisuwa sai talla ta shigo, da an gama talla kuma sai a ɗauko wata waƙar daban. Abin da ya tunzura ni har na nemi takarda shi ne yadda aka yanke Bakandamiyar Shata tun 'yan amshi ba su gama karɓar gindin waƙar karo na uku ba.

A Kakuri na tashi, lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, a gidan haya mai ɗakuna da yawa, inda kowace ƙofa take da irin kiɗanta. Mahaifina ba ya wuce Shata da Ɗanƙwairo, maƙwabcinmu Bayerabe yana da garmaho da tarin faya-fayan juju, ɗalibin da ke ɗakin ƙarshe kuma ba ya rabuwa da Bob Marley, yayyena mata kuwa muryar mawaƙiyar Indiya Lata Mangeshkar ce ke raka su wanke-wanke. Yaron da ya girma a irin wannan tsakar gida ba ya zaɓar wa kunnensa ƙabila. Tun daga wancan lokaci nake tara faifai da kaset, kuma abin da shekarun nan suka koya mini shi ne cewa kundin waƙoƙi, wato abin da yaran yanzu ke kira albam, aiki ne guda ɗaya mai kai da ƙafa, kuma wanda ya gutsuri minti biyu daga cikinsa bai isa ya ce ya san ɗanɗanonsa ba.

Tsawon abin da mawaƙi ke iya ajiyewa ya daɗe yana bin girman abin ɗaukar sauti. Tsohon faifan garmaho, mai juyawa sau 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowane gefe. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai mai ɗaukar fiye da minti ashirin a gefe guda, daga nan ne mawaƙa suka fara tunanin wace waƙa za ta buɗe, wacce za ta rufe, da kuma abin da mai sauraro zai tarar idan ya tashi ya juya faifan. Kaset mai minti casa'in ya zo ya ƙara faɗaɗa filin. Duk wanda ya taɓa naɗe zaren kaset da biro don ya tsimi batir ya san cewa a wancan zamani ba a tsallake waƙa da sauƙi, saboda haka mutum kan zauna da kundi har ya saba da waƙoƙin da bai so ba a jin farko, kuma sau da yawa su ne suke zama abin ƙaunarsa daga baya.

Misalin da ya fi bayyana wannan a wurina shi ne Exodus na Bob Marley, wanda ya fito a 1977, bayan an yi yunƙurin kashe shi a Jamaika a Disambar 1976 ya koma Landan da zama. Waƙoƙi goma ne, biyar a kowane gefe. Gefen farko cike yake da zafin rai, da maganar zalunci da hijira da imani, sai an juya faifan sannan a tarar da waƙoƙin soyayya da kwantar da hankali. Gidajen rediyo sun fi son gefe na biyu domin ya fi daɗin rawa, amma sanyin da ke cikinsa ba ya ratsa mutum sosai sai ya fara bi ta cikin zafin gefen farko, kamar yadda ruwan randa ya fi daɗi ga wanda ya sha rana.

A farkon wannan shekarar ta 1977 aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, aka kawo hawan daba nan Kaduna, muna samari muna bin dawaki da kallo, kuma a daidai lokacin faifan Zombie na Fela Kuti yana yawo hannu zuwa hannu. Waƙa biyu ce kacal a faifan, kowacce ta haura minti goma sha biyu, kuma sai an shafe mintuna ana kiɗa da busa kafin Fela ya buɗe baki. Wannan doguwar shimfiɗa ita ce ginshiƙin aikin, domin a cikinta ne gangunan makaɗinsa Tony Allen suke kama jikin mai sauraro, ta yadda idan maganar ta iso za ta same shi a shirye. Kwanaki kaɗan bayan rufe bikin, a watan Fabrairu, sojoji suka far wa gidansa na Kalakuta a Legas suka ƙone shi, wanda hakan ya nuna irin nauyin da faifai ɗaya ke iya ɗauka. Ba dukkan halayen Fela nake yabawa ba, kuma akwai faya-fayansa da ba zan sa a gaban iyalina ba, amma idan shirinku ya ba wannan waƙa minti biyu, to masu sauraro za su ji busa kawai, a wuce ba su ji dalilin busar ba.

Haka abin yake ga Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975. Shekara da shekaru rediyon ƙasarta yana watsa wasanta kai tsaye a daren Alhamis ta farkon wata, kuma waƙa ɗaya takan kai kusan awa guda, domin takan maimaita baiti sau da yawa, kowane karo da sabon lanƙwasa, jama'a suna roƙonta ta sake. Na kawo ta ne don in nuna cewa an taɓa samun gidan rediyon da ya amince da haƙurin masu sauraronsa, kuma bai yi asara ba.

Sai dai waɗanda wannan yankan ya fi cuta su ne namu na gida. Waƙar baka ta Hausa a kan gindi da ɗiya aka gina ta, jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su mayar da shi gindi, a yi ta hawa a hankali har a kai inda zambo ko habaici ko kirarin da ake jira yake. Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999, bai rera Bakandamiya iri ɗaya sau biyu ba, kowane zama da abin da yake ƙarawa gwargwadon wuri da mutanen da ke gabansa. Kotson Musa Ɗanƙwairo ba ya gaggawa, kuma 'yan amshinsa ba maimaitawa kawai suke yi ba, sukan karɓi magana daga bakinsa su ƙarasa ta, wanda ba a gane gwanintar hakan sai an bi waƙar daga tushe. Ko Ɗanmaraya Jos, da yake shi kaɗai ne da kuntiginsa kuma waƙoƙinsa ba su cika tsawo ba, labari yake bayarwa, kuma ba a yanke labari a tsakiya a ce an ba da shi. Ƙwaryar Barmani Choge ma sai ta yi zafi take daɗi.

Akwai wani abin takaici da ya fi wannan, wanda ba laifin gidanku ba ne. Yawancin kaset ɗin waɗannan manyan makaɗa da na saya a Kasuwar Barci da sauran wurare, sunan mawaƙin kawai aka rubuta da biro a jikinsu, babu shekara, babu wurin da aka ɗauka, babu sunan mai kalangu ko na ɗan amshi ko ɗaya. Ina da Kind of Blue na Miles Davis, Ba'amurke mai busa ƙaho, wanda aka ɗauka a zama biyu a birnin New York a 1959, kuma duk wanda ya busa ƙaho ko ya taɓa fiyano a cikinsa an san sunansa har yau. Na yi shekaru ban fahimci wannan kundi ba, ina jin sa kamar mutane suna gwada kayan kiɗa kafin a fara wasa, sai da na girma na gane cewa hira suke yi da juna cikin natsuwa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi shi ne yadda aka adana sunayen, alhali mutanen da suka yi shekara talatin suna amsa wa Shata sun koma murya marar suna a cikin memorin waya.

Idan aka ce in zaɓi wanda ya fi kusa da zuciyata daga wajen ƙasar Hausa, Ali Farka Ture na Mali zan ɗauka. Duniya ta fi sanin Talking Timbuktu, wanda ya yi da Ba'amurke Ry Cooder a 1994 har ya ci kyautar Grammy, amma a ganina Niafunké na 1999 ya fi shi, domin a garinsu da ke bakin kogin Kwara aka ɗauke shi, da mutanensa, babu ƙoƙarin faranta wa baƙo rai. Akwai ƙwarya a ciki, akwai ƙaramin goge mai tsirkiya ɗaya wanda duk wanda ya san kukuma zai ji kamar ɗan'uwanta ne, jitar kuma tana tafiya irin ta gurmi. Ban san yaren Sonrai ba, Fulatancina kuma bai wuce na gaisuwa ba, amma ban taɓa jin baƙunta a cikin wannan kundi ba. In the Heart of the Moon, wanda ya yi da Tumani Jabate, makaɗin kora mai tsirkiya da yawa, a 2005, shekara guda kafin rasuwarsa, kusan babu waƙa a cikinsa sai kiɗa zalla, kuma shi nake sawa idan barci ya ƙi zuwa.

Thriller na Michael Jackson, na 1982, ban musa gwanintar da ke cikinsa ba, amma a kunnena ya fi kama da shago mai kaya masu kyau guda tara fiye da tafiya guda, don haka shi kam ko an gutsura ba a yi masa babbar illa ba. Juju Music na Sunny Ade, na wannan shekarar, akasin haka ne, waƙoƙinsa suna zubowa cikin juna. A cikin na yaran yanzu, Burna Boy ya ci Grammy a 2021 da Twice as Tall, amma ni African Giant na 2019 ya fi kama ni, kuma ban yi mamakin jin ƙamshin Fela a cikinsa ba, tunda kakansa na wajen uwa ya taɓa zama manajan Fela.

Game da mawaƙan Hausa na zamani, ba na cikin dattawan da ke cewa babu komai a wurinsu. Akwai masu zurfin kalma irin su Aminu Ala, akwai masu murya irin su Nura M. Inuwa da ɗan garinmu Umar M. Shareef, kuma sun riƙe al'adar fitar da kundi a lokacin da wasu ke ganin zamaninta ya wuce. Kukana a kan harkar ne gaba ɗaya. Sau da yawa akan cusa waƙoƙi da yawa a albam ɗaya, dukkansu a kan kiɗan fiyano kusan iri guda, na'urar gyaran murya kuma ta goge duk wata tsatsa da ke sa a bambanta wannan maƙogwaro da wancan, har mutum ya kai waƙa ta shida bai san ya bar ta uku ba. Da za a rage yawan, a kira mai kalangu ko mai garaya na gaske ya shiga situdiyo, a kuma zauna a yi tunanin jerin waƙoƙin, da an samu abin da za a riƙa komawa gare shi bayan shekara ashirin. Ina kuma zargin cewa yadda ake sauraro yanzu yana da hannu a ciki, domin mawaƙin da ya san minti ɗaya kawai za a ji a rediyo ko a TikTok ba zai wahalar da kansa a kan minti arba'in ba.

Roƙona shi ne ku ware awa ɗaya a mako, bayan sallar isha'i, ku sa kundi guda daga farkonsa har ƙarshensa, bayan kun nemi izinin masu haƙƙinsa. Mai gabatarwa ya ɗauki minti biyar ya faɗi wanda ya yi shi, da shekarar, da halin da aka yi shi a ciki, sannan ya yi shiru. Na san da kuɗin talla ake sayen man janareta, saboda haka a jera tallace-tallacen kafin a fara da kuma bayan an gama, ko a daidai inda ake juya faifai a da. Wannan mako a ji Ɗan'anace da waƙar Shago, mako mai zuwa a ji Mali ko Masar, na gaba kuma a ba wani matashi na Rigasa ko Kawo dama, da sharaɗin ya zo ya bayyana dalilin da ya sa ya jera waƙoƙinsa yadda ya jera su.

Idan kun karɓi shawarar, ina da akwati biyu na kaset da faya-fayai da zan ba ku aro ku juye a kwamfuta, kuma na san wasu dattawa a Tudun Wada da Unguwar Shanu da suke da fiye da nawa. Wasunsu sun halarci wuraren da aka yi waɗannan waƙoƙi, suna iya gaya muku wanda ke riƙe da kalangu a ranar, in dai an je musu da na'urar ɗaukar magana tun suna da ƙarfin zama.

Na gode. Allah ya ƙara wa gidanku ɗaukaka.

Mai sauraronku,
Tudun Wada, Kaduna